Sabon rediyon mota yana ɗauke sauti yana dawowa: tambayoyi da amsoshi

An cire rediyon da mota ta zo da shi daga kamfani, an sa sabo mai Bluetooth da wurin USB, ranar farko komai lafiya lau. Kwana biyu ko uku sai waƙa ta fara yankewa a tsakiya, ta yi shiru na ɗan lokaci, ta dawo da kanta kamar ba abin da ya faru. Abin haushin shi ne, da an kai motar wurin mai gyara sai rediyon ya shiga hankalinsa, ya yi ta aiki sumul har a bar wurin. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu mota suka fi yi a kan wannan matsala.

Na sa sabon rediyo, sauti yana zuwa yana tafiya. Ko jabu aka sayar mini?

Yana yiwuwa, amma shi ne zargi na ƙarshe da ya kamata ka yi. Rediyon da ya lalace daga kamfani yawanci yakan nuna halinsa tun daga farko: ko ya ƙi kunnuwa, ko wani ɓangarensa ya ƙi aiki kwata-kwata. Sautin da ke ɗaukewa yana dawowa ya fi kama da waya da ba ta kama da kyau ba, ko waya da aka haɗa inda bai dace ba, ko kuma rediyon ne yake kashe sautinsa da gangan don ya kare kansa daga ƙonewa.

Tsohon rediyon ya shekara da shekaru a wurin, an ƙera shi daidai da wayoyin motar da lasifikokinta. Sabon kuwa baƙo ne. Abin da ya canza a motarka shi ne mahaɗar da ke tsakanin wayoyin motar da na baƙon nan, kuma a nan ake samun mafi yawan laifin. Mutane da yawa sun mayar da rediyo, sun karɓo wani, sun maƙala shi a kan wayoyin da suka bari, matsalar ta dawo yadda take.

To daga ina zan fara?

Kada ka fara kwance komai tukuna. Ka yi tuƙi na kwana ɗaya ko biyu kana lura, domin matsalar da ke zuwa tana tafiya ba a kama ta sai an san lokacin zuwanta. Abubuwa uku kake nema.

Na farko, idan sautin ya ɗauke, fuskar rediyon tana mutuwa tare da shi, ko tana nan a kunne, agogon waƙar yana ci gaba da ƙirga daƙiƙu? Wannan tambayar ita kaɗai ta raba aikin gida biyu. Idan fuskar ta mutu, wuta ce ba ta isowa. Idan tana kunne, wuta na nan, matsalar tana tsakanin rediyon da lasifika.

Na biyu, duka lasifikokin ne suke yin shiru a tare, ko guda ɗaya ce? A cikin saitin sauti akwai wurin karkata sauti hagu ko dama, da wurin karkata shi gaba ko baya. Ka tura shi kusurwa ɗaya bayan ɗaya ka saurara.

Na uku, me ke faruwa a daidai lokacin? An faɗa rami? An buɗe ƙofa? An ƙara sauti? An kunna fitila ko iyakwandishan? An sa giyar ribas? An yi rabin awa ana tafiya dashbod ya ɗau zafi? An sauya daga tashar rediyo zuwa waƙar waya? Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana nuna wani wuri daban. Wanda ya zo wa mai gyara da amsar waɗannan uku ya rage masa rabin aiki.

Rediyon yakan mutu gaba ɗaya har da fitilarsa, sannan ya tashi kamar yanzu aka kunna shi. Mene ne?

Wuta ce. Wayoyi uku ne suke riƙe da ran rediyo: rawaya, wadda ke kawo wuta daga batir kullum ko mota a kashe take, ja, wadda ke kawo wuta sai an murɗa makulli, da baƙa, wadda ke komawa jikin ƙarfen mota ta cika zagayen. A yawancin rediyoyin zamani rawayar ce ke ɗauke da nauyin wutar, ja kuwa kusan saƙo kawai take kaiwa cewa a kunna. Da ɗaya daga cikin ukun ta saki na ƙiftawar ido, rediyon zai mutu.

Akwai wata alama da za ta taimaka maka. Idan ya dawo ya manta tashoshin da ka ajiye, agogo ya koma sifili, to ka zargi rawaya ko baƙa. Idan ya dawo bai manta komai ba, ja ce ta fi kusa da laifi.

Baƙar wayar ta cancanci a tsaya a kanta, domin ita aka fi rainawa. Wasu motoci, tsohon rediyonsu ba ta waya yake samun negatif ba, ta jikinsa ne da ke ɗaure da ƙarfen dashbod. Idan aka sa sabo a cikin firam na roba, wannan hanyar ta yanke. Sai rediyon ya nemi wata hanya, ya riƙa lallaɓawa ta bawon wayar eriya. Zai kunnu, zai yi waƙa a hankali, amma da an ƙara sauti ko mota ta girgiza sai ya faɗi. Ga gwaji mai sauƙi: zare wayar eriya daga bayansa yana kunne. Idan ya mutu, baƙar wayarka ba ta aikin komai. Maganin shi ne a ɗaure ta da noti a kan ƙarfe tsirara, wanda aka kankare fenti da tsatsa daga kansa, kuma ƙarfen ya zama yana haɗe da jikin motar, ba wani ɗan guntun da ke maƙale a roba ba.

Ka duba fis ɗin da ke bayan rediyon, wanda galibi na amfiya 10 ne, da kuma na akwatin fis na motar. Fis bai cika kawo yankewa ba idan ya ƙone, domin wanda ya ƙone ya mutu ke nan. Wanda ke yin wannan wasan shi ne fis mai lafiya da ke zaune sako-sako a gurbinsa, ko wanda ƙafafunsa suka yi tsatsa.

Idan kana da mita, wato na'urar auna wutar lantarki, auna tsakanin rawaya da baƙa. Batir mai cike yana nuna wajen bolt 12.6 idan inji a kashe yake, sannan tsakanin 13.5 zuwa 14.7 idan inji na aiki. Rediyoyi da yawa sukan fara rikicewa idan wutar ta sauko ƙasa da bolt 11. Saboda haka mutuwar rediyo a daidai lokacin da kake tayar da mota ba abin tsoro ba ne, kik yana jan wuta da yawa, kuma motoci da dama suna yanke wutar rediyo da gangan a lokacin. Motocin da ke kashe injinsu da kansu a wurin tsayawa su sake tashi, su ma sukan yi wa sabon rediyo haka, musamman idan batir ya fara tsufa.

Kullum da safe sai na tarar ya manta tashoshina. Da alaƙa?

Wannan ja da rawaya ne aka yi musu musanye. An fi ganinsa a wasu motocin Turai, kamar wasu Volkswagen da Audi da Opel, waɗanda soket ɗinsu irin na ISO ne, wato soket na bai ɗaya da motoci da yawa ke amfani da shi, amma gurbin wayoyin biyu a juye yake. Shi ya sa za ka ga kayan haɗi da yawa suna zuwa da ƴan filogi a tsakiyar ja da rawaya, don a zare a juya su ba tare da an yanke komai ba.

Fuskar tana kunne, waƙar tana tafiya, amma duka lasifikokin sun yi tsit. Bayan ɗan lokaci su dawo.

A nan ne aikin ya fi daɗi, domin abubuwa uku ne ke iya kawo shi, kuma kowanne da hanyar gane shi.

Na farko shi ne kariyar da ke cikin rediyon. A cikinsa akwai ƙaramin amfilifaya da ke tura lasifika huɗu. Idan wayar lasifika ɗaya ta taɓa ƙarfen mota, ko ta taɓa ƴar'uwarta, amfilifayan yakan rufe bakinsa gaba ɗaya don kada ya ƙone. Abin da ke ruɗar mutane shi ne laifin lasifika ɗaya ne, amma huɗun ne suke yin shiru. Wasu rediyoyin suna faɗa maka: na Kenwood yakan rubuta PROTECT, na Pioneer yakan rubuta AMP ERROR. Wasu kuwa ba sa cewa uffan, sai dai su yi shiru su dawo. Kuma ba sai waya ta yanke ba. Silin tagulla guda ɗaya da ya leƙo daga ƙarƙashin salatif, yana taɓa ƙarfe duk lokacin da mota ta girgiza, ya isa.

Hanyar kama shi ita ce ka kashe mota, ka cire wayoyin lasifika uku daga bayan rediyon ka rufe bakinsu, ka bar guda ɗaya. Yi tafiya da ita. Idan sauti ya tsaya daram, ƙara ta biyu, haka har ka iso wadda da ka haɗa ta matsalar ta dawo. Aiki ne mai cin lokaci, amma ba ya ƙarya.

A nan akwai kuskuren da ya kamata kowa ya sani. Wayar negatif ta lasifika ba ɗaya take da baƙar wayar jikin mota ba. A rediyoyin zamani wayoyin lasifika biyun duk suna ɗauke da wuta. Wanda ya haɗa negatif ɗin lasifika da jikin mota, ko ya tara negatif na lasifika biyu wuri guda don ya rage wayoyi, ya jawo wa kansa yankewar sauti, in ma bai ƙona amfilifayan ba. Wasu tsofaffin motoci haka aka ƙera su, lasifikokinsu na tarayya a kan negatif ɗaya. Irin waɗannan sai an ja musu sababbin wayoyi, kowace lasifika da nata biyu.

Na biyu shi ne wayar da ke sa rediyo yin shiru idan kira ya shigo. An yi ta ne tun zamanin da ake ɗaura wa mota tarho na daban. A na Kenwood ruwan ƙasa ce, a na Pioneer rawaya ce mai ratsin baƙi. Yau kusan ba mai amfani da ita, sai a bar ta tana lilo a bayan dashbod da bakinta a buɗe. Duk lokacin da ta taɓa ƙarfe, rediyon yakan ɗauka kira ne ya shigo ya kashe sauti, da ta matsa kuma sauti ya dawo. Wasu na Kenwood har CALL suke rubutawa a fuska a lokacin. Na taɓa ganin an kwance ƙofofi huɗu na mota ana neman laifin da ɗan guntun salatif a bakin wannan waya zai magance. Duk wayar da ba ka yi amfani da ita ba, rufe bakinta ita kaɗai, kada ka naɗe su a dunƙule.

Na uku shi ne amfilifayan kamfani da ke ɓoye a wani wuri a motar, wanda tambayoyi biyu masu zuwa suke magana a kai.

Tashar FM tana fita lafiya, amma da na koma USB ko Bluetooth sai shiru.

Wannan alamar a fili take, ba ta buƙatar dogon bincike. A bayan sabon rediyo akwai wayoyi biyu masu kama da juna: shuɗiya zalla, da shuɗiya mai ratsin fari. Shuɗiya zalla ta eriya ce, irin eriyar da ke miƙewa da kanta, kuma a rediyoyi da yawa tana ba da wuta ne kawai idan ana sauraron tasha. Mai ratsin fari ita ce ke tayar da amfilifaya, tana ba da wuta muddin rediyon yana kunne. Idan aka haɗa amfilifayan motar da shuɗiya zalla, zai farka idan kana kan FM, ya koma barci da zarar ka sauya zuwa waƙar waya. Juya haɗin zuwa mai ratsin fari, an gama.

Wannan waya mai ratsin fari siririyar wuta take bayarwa, abin da bai wuce sulusin amfiya ɗaya ba a yawancinsu. Idan aka ɗora mata amfilifaya da eriya da fitilun ado duk a lokaci ɗaya, za ta gaji ta riƙa saki. A irin wannan hali ana sa rile a tsakani, wato ɗan makunnin da ƙaramar wuta ke kunnawa, ita ta kunna rilen, shi kuma ya ɗauki nauyin.

Ta yaya zan san motata tana da amfilifayan kamfani?

Dubi murfin lasifikokin ƙofa ko fuskar tsohon rediyon. Idan ka ga suna irin Bose, JBL, Infinity ko Harman Kardon, to akwai. Amma rashin suna ba ya nufin babu. Yakan ɓuya a ƙarƙashin kujera, ko a gefen but, ko a bayan akwatin ajiya na gaban fasinja. Mota mai lasifika takwas ko goma, ko mai babbar lasifikar bas daga kamfani, da wuya a ce tsohon rediyon ne kaɗai yake tura su.

Idan akwai shi, hanya biyu ce. Ko dai a samo kayan haɗi da aka yi musamman don wannan motar, wanda zai tayar da amfilifayan ya kuma daidaita ƙarfin sautin da ke shiga cikinsa, ko kuma a tsallake shi gaba ɗaya a ja wayoyi daga sabon rediyon zuwa lasifika. Abin da ba ya tafiya daidai shi ne a ɗauki sautin da sabon rediyo ya riga ya ƙarfafa a ɗura shi cikin amfilifayan da aka ƙera don ya karɓi ɗan siririn sauti. Za ka ji ƙara ta yi yawa tun kana lamba biyar, muryar ta dishe, sannan amfilifayan ya riƙa kashe kansa.

A motocin da suka fi sabunta abin ya wuce launin waya. Amfilifayan ba ya jiran wuta daga shuɗiyar waya, umarni yake jira daga kwamfutar mota ta hanyar da ake kira CAN. Wasu ma ba su da jar waya a soket ɗin rediyo sam, ƙaramin akwatin da ke zuwa da kayan haɗi ne yake saurarar kwamfutar ya samar da ita. Idan akwatin nan ba na wannan samfurin motar ba ne, ko ba a zaɓi sunan motar daidai a saitin rediyon ba, sauti zai yi ta zuwa yana tafiya ba tare da wata waya ta saki ba. Wasu BMW da Mercedes da Audi kuma da haske suke aika sauti, ta cikin zaren gilashi, a tsarin da ake kira MOST. Wannan ba aikin almakashi da salatif ba ne. Sai na'urar da aka yi dominsa.

Sai na ƙara sauti sosai yake ɗaukewa, ko bayan an yi doguwar tafiya.

Nauyi ne ko zafi, kuma sau da yawa su biyun tare suke zuwa. Kusan duk rediyon da ake saye a kasuwa an ƙera shi ne don lasifika mai om 4 (om shi ne ma'aunin yadda lasifika ke tare wutar da ke bi ta cikinta, idan ya yi ƙasa sai ta ƙara jan wuta). Tsarin kamfani masu amfilifaya kuwa sukan yi amfani da lasifika mai om 2, wasu ma ƙasa da haka. Idan aka tsallake amfilifayan aka haɗa irin waɗannan kai tsaye, sabon rediyon zai riƙa fitar da kusan ninki biyu na wutar da aka tsara masa. A ƙaramin sauti zai daure. Da ka ƙara, ya yi zafi ya rufe, ya huce ya dawo. Haka ma idan aka haɗa lasifika biyu masu om 4 gefe da gefe a kan layi ɗaya, sun zama om 2.

Auna da mita, bayan ka raba lasifikar da rediyon. Mai om 4 takan nuna tsakanin 3 da 4, domin mita tana nuna ƙasa kaɗan da abin da aka rubuta. Idan ka ga 2 ko ƙasa, ka samo dalilinka. Idan ka ga kusan sifili, wayoyin suna taɓa juna. Sannan auna tsakanin kowace wayar lasifika da jikin mota. Bai kamata a samu haɗi ba ko kaɗan.

Kada lambar da ke jikin kwali ta ruɗe ka. Wat 50 sau 4 da ake rubutawa da manyan baƙaƙe ƙololuwa ce ta ɗan lokaci. Abin da rediyon ke iya bayarwa a kai a kai yana wajen wat 20 ga kowace lasifika. Wanda ya ƙure bas, ya kunna duk abin da ke ƙara kauri, ya kai sauti kusan ƙarshe, yana tambayar ƙaramin amfilifaya abin da ba shi da shi.

Sai batun iska. A bayan rediyon akwai ƙarfe mai tsaga-tsaga da ke fitar da zafi, wasu kuma har da ƴar fanka. Idan aka cusa tulin wayoyi da akwatunan haɗi aka danne shi, zafin ba shi da mafita. Bayan tafiyar rabin awa ka zaro rediyon ka kai hannu kusa da bayansa. Ɗumi ba laifi ba ne. Zafin da ba za ka iya ajiye yatsa a kai ba, shi ne magana.

Lasifika ɗaya ce kawai, ta ƙofar direba. Wani lokaci idan na buga ƙofar sai ta dawo.

To da wuya laifin rediyo ne, sai dai in haɗin wannan layin ne ya saki a bayansa. Fara da can tunda nan aka taɓa. Idan lafiya yake, dubi robar nan mai kama da maƙogwaro da ke tsakanin ƙofa da jikin mota. Wayoyin ƙofa duk ta cikinta suke bi, kuma suna lanƙwasawa duk buɗewa da rufewa. Ƙofar direba ta fi kowace aiki, don haka ita ce kan fara. Tagullar takan karye a ciki alhali robar waje tana nan lafiya, ido ba zai gani ba. Kunna waƙa, ka riƙa buɗe ƙofar a hankali kana matsa robar da hannu. Idan sauti yana bin motsin hannunka, ka kama shi.

Lasifikar ita kanta tana iya zama mai laifi. Akwai ƴan siraran wayoyi biyu masu laushi da ke tashi daga bakin haɗi zuwa takardar lasifikar, sukan gaji su tsinke rabi. Tsohon rediyon bai cika girgiza su ba. Sabon da ya fi ƙarfi ya fito da raunin da ke kwance. Ruwan da ke bi ta gefen gilashi ma yakan sa bakin haɗin tsatsa.

Don ka tabbatar, musanya wayoyin hagu da na dama a bayan rediyon. Idan matsalar ta tsaya a ƙofar da take, laifin waya ne ko lasifika. Idan ta yi ƙaura zuwa ɗayar ƙofar, daga rediyon take fitowa ko daga filoginsa.

Wace waya ce ta wace lasifika?

A gefen sabon rediyo launukan kusan ɗaya ne a ko'ina: fara ta gaba hagu, ruwan toka ta gaba dama, koriya ta baya hagu, shunayya ta baya dama. A kowane launi, mai ratsin baƙi ita ce negatif. Mai ruwan lemo ta hasken fuska ce, tana rage shi idan an kunna fitila.

Amma wannan tsarin na rediyon ne, ba na motar ba. Kowane kamfanin mota da nasa launukan, har ma yakan bambanta daga shekara zuwa shekara. Wanda ya yanke soket ɗin motar ya fara haɗa fara da fara, koriya da koriya, caca yake yi. Abin da ya fi shi ne a sayi soket ɗin da ke shiga na motar daidai, a yi duk haɗin a kansa a kan tebur, sannan a zo a maƙala. Idan an riga an yanke, ana gane wayoyin lasifika da ƙaramin batir mai bolt 1.5: a taɓa wayoyi biyun da shi na ɗan lokaci, lasifikar da ke kansu za ta yi ɗan ƙas. Sai dai a yi haka kawai a kan wayoyin da mita ta riga ta nuna ba su ɗauke da wuta, kuma aka tabbata na soket ɗin rediyo ne.

Murɗa wayoyi a naɗe da salatif bai isa ba?

Ya isa na mako biyu. Cikin dashbod wuri ne mai zafi da girgiza, gam ɗin salatif yakan narke, naɗin ya warware, murɗin ya yi sako-sako. Ko dai a liƙe da dalma a rufe da robar da ke tsukewa idan ta ji zafi, ko a matse da bututun haɗi da filayar da aka yi don haka. Bayan kowane haɗi ka ja wayar da ɗan ƙarfi. Wadda za ta zare, gara ta zare a hannunka.

Ka kuma leƙa cikin filogin kansa. Wani lokaci ƙafa ɗaya takan ja da baya lokacin da ake turawa, ta tsaya tana taɓawa da ƙyar. Idan kuma rediyon mai fuskar da ake cirewa ne, goge ƴan haƙoran tagullar da ke bayan fuskar. Datti a nan yana sa shi ɗaukewa a kan gargada.

A Bluetooth kaɗai yake yankewa, ko idan na haɗa wayata da kebul.

Idan FM da USB ba sa yankewa, bar wayoyin mota su huta. Gwada wata wayar hannu. Share haɗin daga ɓangarorin biyu ka sake shi sabo. Duba ko tsarin tanadin batir na wayar yana kashe manhajar waƙa idan fuska ta mutu. Saƙo da ya shigo da muryar taswira duk suna rage waƙa ko su tsayar da ita na daƙiƙa biyu, ko da ba ka ji ƙarar saƙon ba. Waƙar da ake ja daga intanet kuma tana tsayawa inda sabis ya yi rauni. Ga masu Android Auto da CarPlay, kebul ne babban mai laifi: gajere mai kyau wanda ke ɗaukar bayanai, ba na caji kawai ba, kuma a kakkaɓe ƙurar da ke cikin ramin cajin wayar.

Da na sa ribas sai sauti ya ragu ko ya ɗauke.

Rediyoyi masu allo da yawa haka aka saita su, don direba ya ji abin da ke bayansa, kuma ana iya kashe wannan a saiti. Idan yana yi ba tare da ka sa ribas ba, ko allon yana ƙiftawa ya koma baƙi, wayar da ke sanar da shi ribas ce take samun wuta daga inda bai kamata ba.

Ni kuma akasin haka ne: USB lafiya, tashoshi ne suke zuwa suna ɓacewa.

Motoci da yawa, musamman masu eriya a jikin gilashi ko a kan rufi, suna da ɗan ƙaramin amfilifaya na eriya da tsohon rediyon yake ba wa wuta. Wasu ta waya daban, wasu motocin Turai kuma ta cikin kebul ɗin eriyar kansa. Sabon rediyo bai san da wannan ba. Tashoshi masu ƙarfi za su shigo, masu nisa su riƙa shuuu. Akwai ɗan adafta na eriya mai shuɗiyar waya a gefe, wanda ake haɗawa da shuɗiyar rediyon ya kai wutar.

Akwai abin da zan kiyaye kada in ɓata wani abu?

Cire kan negatif na batir kafin ka yanke ko ka haɗa waya. Duk soket ko bututun waya mai launin rawaya mai haske da ka gani a ƙarƙashin dashbod ko kujera, na jakar iskar da ke kare mutum a lokacin haɗari ne, kada mita ko batirin gwaji su kusance shi. Kada ka sa fis da ya fi na asali girma don wai ya daina ƙonewa, kuma kada ka naɗa masa waya. A motocin zamani mita ta fi fitilar gwaji aminci, domin fitilar tana jan wutar da za ta iya cutar da layin kwamfuta. Gwajin da ke buƙatar mota tana tafiya kuma, wani ya tuƙa, kai ka saurara.

Na bi duk wannan, har yanzu yana yi. Yaushe zan yarda rediyon ne?

Fito da shi daga motar gaba ɗaya. Haɗa ja da rawaya wuri ɗaya zuwa fozitif na batir ta cikin fis, baƙa zuwa negatif, ka sa lasifika ɗaya mai om 4 wadda ka san lafiyarta, sauran wayoyin kowace a rufe. Bar shi ya yi waƙa awa ɗaya daga USB, ka ƙara sauti, ka ɗan ƙwanƙwasa jikinsa da yatsa, ka motsa filogin bayansa. Gwada lasifikar a kan layuka huɗun ɗaya bayan ɗaya. Idan ya yanke a nan, inda babu wayar mota ko ɗaya a jikinsa, ɗauki bidiyonsa yana yi ka mayar da shi tun garanti bai ƙare ba. Idan kuwa ya yi awarsa bai ko tari ba, mayar da shi cikin motar ka sake bin wayoyin, ka fara da baƙar.